Yadda dokar yankin Shamfen ke tafiya da halin kowace shekara

A farkon Afrilun 2021 manoman inabi a Faransa sun kwana a gonakinsu suna kunna manyan kyandira a tsakanin layukan kuranga, ko ɗumin zai kare tohon da ya fito. Watan Maris ya zo da ɗumi, inabin ya yi saurin tohowa, sai sanyi mai daskarar da raɓa ya sauko ya ƙone shi. Ministan noma na lokacin, Julien Denormandie, ya ce mai yiwuwa wannan ce masifar noma mafi girma tun shigowar ƙarnin nan. A yankin Shamfen da ke arewa maso gabashin ƙasar, inda ake noman inabin da ake yin giya mai kumfa da ke ɗauke da sunan yankin, abin bai tsaya nan ba, don ruwa ya yi ta zuba a Yuni da Yuli, fumfuna ta kama ganye da 'ya'ya, ƙanƙara ta ƙarasa wasu gonakin. Duk da haka manoman yankin ba su tashi hannu rabbana ba, kuma doka ce ta tare musu.

Giya haramun ce ga Musulmi, wannan ba abin ja ba ne, kuma ba tallarta ake yi a nan ba. Abin dubawa shi ne dokar noman, domin ba kasafai ake samun wurin da aka zauna aka rubuta dalla-dalla abin da za a yi in shekara ta yi kyau da abin da za a yi in ta ɓaci kamar wannan yankin ba.

Inabi na ɗauke da abu biyu da yanayi ke juyawa: zaƙi da tsami. Rana da zafi suna ƙara sukari a cikin 'ya'yan, tsamin kuma yana raguwa. Shekarar sanyi da hadari takan bar inabin da tsami mai kaifi da ƙarancin sukari. Sukarin ne ke rikiɗa ya zama barasa idan ruwan ya tsimu, shi ya sa abin da aka samu a shekarar zafi ya fi ƙarfi da kauri, na shekarar sanyi kuma ya fi sauƙi da tsami. Shamfen na can kusa da iyakar arewa ta inda inabi ke iya nuna, don haka bambancin shekara da shekara a wurin babba ne. Masu sana'ar kuma tsamin nan suke nema, shi ne asalin ɗanɗanon kayansu.

Dokar ta samo asali ne daga wahala. Girbi ya yi ta lalacewa a shekarun da suka gabaci 1910, ita 1910 ɗin kuwa kusan babu abin da aka tsinka. Manyan gidajen da ke haɗa giyar suka riƙa sayo inabi da giya mai arha daga wasu yankuna suna sayarwa da sunan Shamfen, manoman gida kuma ga asara ga karyewar farashi. A 1911 suka yi bore, suka fasa rumbunan giya a garuruwan Damery da Aÿ, sai da gwamnati ta turo dubban sojoji. A 1927 doka ta shata iyakar yankin, a 1935 aka kafa tsarin kare sunan asalin amfanin gona da ake kira AOC, Shamfen ta shiga cikinsa a 1936. A 1941 aka kafa kwamitin haɗin gwiwa a garin Épernay, mai shugabanni biyu, ɗaya daga manoma ɗaya daga gidajen giya. Yau yankin ya kai kusan hekta 34,000 a ƙauyuka 319, kuma hukumar ƙasa mai suna INAO ce ke sa ido a kan ƙa'idojin.

Manomi ba shi da ikon tashi ya fara tsinka ranar da ya ga dama. Idan inabi ya fara sauya launi, masu sa kai sukan riƙa ɗibar samfuri daga ɗaruruwan gonaki sau biyu a mako, a auna nauyin nonon inabin, yawan sukari, tsami, da ko ruɓa ta shiga. Da wannan ake tsayar da ranar buɗe girbi ga kowane ƙauye da kowane iri, Chardonnay daban, Pinot Noir daban, Meunier daban. Wanda ya ga gonarsa ta riga ta nuna sai ya nemi izini na musamman. Tsinka da hannu dole ce, ba a yarda da inji ba, saboda ana son nonon ya isa wurin matsa ba tare da ya fashe ba, kada baƙar fatar ta rina ruwan. Matsar ma da iyaka: daga kilo 4,000 na inabi lita 2,550 kawai aka yarda a ɗiba, 2,050 na farko su ne zaɓaɓɓu, sai 500 na biyu.

Kowace shekara, wajen watan Yuli, ɓangarorin biyu kan zauna su yanke yawan kilon da za a iya kaiwa kasuwa daga kowace hekta. A nan ake kai ruwa rana, don manomi ana biyansa ne a kan kilo, yana son adadin ya hau, gidajen giya kuma suna kallon abin da ke jibge a ɗakunan ajiyarsu. Ba yanayi kaɗai ake dubawa ba, har da ciniki. A 2020 inabi ya yi kyau, amma annobar korona ta kashe kasuwa, sai aka tsaya a kilo 8,000. A 2021 aka ce 10,000, a 2022 da rana ta wadata kasuwa ta farfaɗo aka kai 12,000, a 2024 aka dawo 10,000.

To ina amfanin a ce wa manomi an yarda ya sayar da kilo 10,000 alhali sanyi ya bar masa rabin haka? Nan ne ajiya ta shigo, kuma a ganina ita ce zuciyar tsarin gaba ɗaya. A shekarar albarka manomi na iya tsinkar fiye da adadin kasuwa, muddin bai wuce ƙololuwar da doka ta sa ba, wato kilo 15,500 a hekta. Wannan ƙarin ana matse shi, a tsima shi, a zuba a manyan tankuna da sunan mai shi, amma an kulle shi: ba a sa shi a kwalba, ba a sayar da shi, kuma ba a biya kuɗinsa sai ranar da aka sake shi. Rumbu ne, sai dai mabuɗinsa na hannun kwamiti, kuma akwai iyakar abin da kowa zai tara. Idan shekara ta ɓaci, wanda girbinsa bai kai adadin da aka yanke ba sai a buɗe masa ya cike giɓin daga abin da ya ajiye. Haka aka yi a 2021. Manomi ya samu kuɗin shiga kusa da na kullum, gidajen giya ba su rasa kaya ba, ba a kuma samu uzurin sayo inabin wani yanki ba, wanda shi ne ya haddasa boren 1911. Raunin tsarin shi ne wanda bai daɗe da fara noma ba, ko wanda asara ta bi shi shekaru a jere, tankinsa babu komai, shi kam sai ya ji jiki.

Shekarar da ake gani a jikin kwalba ita ma doka ce ke tsare ta. Ƙa'idar Tarayyar Turai ta ce ba a rubuta shekara sai aƙalla kashi 85 cikin ɗari na inabin a shekarar aka tsinke shi. Shamfen ta fi haka tsanani, sai dai giyar ta zama ta shekarar zalla, kuma ta yi aƙalla shekara uku a ajiye, alhali wadda ba ta da shekara wata 15 ya ishe ta. Ba a kuma yarda a fitar da fiye da kashi 80 na girbin shekara ɗaya da sunan shekarar ba, dole a rage na gauraye. Mafi yawan abin da yankin ke sayarwa gaurayen shekaru ne, inda tsamin wata shekara ke gyara zaƙin wata.

Akwai gyaran da aka halatta, akwai wanda aka hana. In sukari ya gaza, ana iya ƙara sukari daga waje kafin tsimi, dabarar da ta ɗauki sunan masanin nan Jean-Antoine Chaptal. Tarayyar Turai ta raba ƙasashenta shiyya-shiyya bisa sanyi: shiyyar A an yarda a ɗaga ƙarfin barasa da maki 3 cikin ɗari, shiyyar B inda Shamfen take da maki 2, shiyyar C ta kudu da maki 1.5, da ɗan ƙarin rabin maki a shekarar da ta yi muni ƙwarai. Ban ruwa kuwa an hana a Shamfen, ko da fari ya yi tsanani.

Waɗannan ƙa'idojin an gina su ne don maganin sanyi, yanzu kuma zafi ne ke matsowa. A da girbi na Satumba ne, wani lokaci har Oktoba. A 2003 aka fara a Agusta, kuma hakan ya maimaitu a 2007, 2011, 2018, 2020 da 2022. Kwamitin ya ce cikin shekara 30 girbi ya matso da kusan kwana 18, tsami ya ragu, sukari ya ƙaru. Ɗumin Maris da ke sa toho fitowa da wuri shi ne kuma ke jefa shi cikin sanyin Afrilu. Doka ta fara motsi a hankali: an yarda a gwada sabon iri mai jure fumfuna mai suna Voltis, amma kada ya wuce kashi 5 na gonar mutum ko kashi 10 na gauraye, iyakar da aka sa wa Bordeaux ma, wani yankin inabi na Faransa, da ta karɓi sabbin iri shida a 2021.

Inda aka fi barin baya shi ne lafiyar masu tsinka. Ƙa'idar tsinka da hannu na jawo ma'aikatan wucin gadi sama da 100,000 kowace shekara, cikinsu har da mutanen gabashin Turai da kuma 'yan Afirka ta Yamma mazauna Faransa. A Satumban 2023 zafi ya yi tsanani a tsakiyar girbi, mutum biyar suka rasu. A shekarar ce kuma aka gano gomman ma'aikata, akasari daga Mali, Senegal da Muritaniya, an cusa su a wani gida mara ruwan kirki da tsafta, kuma a 2025 kotu a Châlons-en-Champagne ta yanke wa waɗanda suka ɗauke su aiki hukunci kan safarar mutane. Tsarin da ya iya ƙididdige kowace lita daga kilo 4,000 zai iya tsayar da sa'o'in aiki a ranar zafi, da ruwan sha, da inuwa, da makwanci, ya kuma sa su a sahun sharuɗɗan da in aka saɓa ake rasa sunan yankin a jikin kwalba.