Daga turmi zuwa kantin magani: tambayoyi da amsoshi kan binciken itatuwan magani

Yanzu da wuya ka ji mai tallar maganin gargajiya, a rediyo ko a bayan mota da lasifika, bai ce "an kai shi jami'a an gwada" ba. Sau da yawa ba ƙarya yake yi ba, an kai ɗin. A Zariya, Kano, Sakkwato, Maiduguri har Yamai, ɗalibai na ta rubuta kundi a kan sabara, marke, maɗaci, bagaruwa da zogale. Abin da mai tallar ba ya faɗa shi ne wane irin gwaji aka yi, kuma a jikin wa.

Idan aka ce an yi bincike a kan wani tsiro, me ake yi takamaimai?

Ɗalibi zai shiga daji ko kasuwar 'yan magani ya samo ganyen, ko sassaƙen, ko saiwar. Zai fara kai reshe guda ɗakin adana tsirrai na jami'a, irin na Jami'ar Ahmadu Bello, masanin tsirrai ya tabbatar da cewa itacen da ake nufi ne, a ba shi lamba. Sai a shanya a inuwa, ba a rana ba, don kada zafi ya lalata sinadaran. A daka a turmi, a jiƙa garin a ruwa ko a wani sinadari kamar metanol na kwana biyu ko uku, a tace, a ƙafar da ruwan har sai ya bar wani abu baƙi mai danƙo a gindin kwalba. Da wannan danƙon ake duk sauran aikin.

Gwajin farko a faranti ake yinsa. A shuka ƙwayoyin cuta a kan abincinsu, a huda ƙananan ramuka, a ɗiga maganin, a ajiye a ɗumi ya kwana. Washegari a sa rula a auna milimita nawa ne kewayen da ƙwayoyin suka kasa tsirowa. Daga nan sai ɓeraye. A ba su maganin daga kaɗan zuwa mai yawa don a ga ko guba ne, kuma galibi ana tsayawa a miligiram 5,000 ga kowane kilo na nauyin jiki. In maganin zazzaɓin cizon sauro ake nema, a yi wa ɓerayen allurar ƙwayar cutar, a ba su maganin kwana huɗu, a ɗebi jini a wutsiya a ƙirga a madubin likita. Mafi yawan kundayenmu a nan suke tsayawa.

To tunda ya kashe ƙwayoyin cuta a faranti, ya kuma yi aiki a jikin ɓera, ba shi ke nan ba?

Da sauran rina a kaba. Ruwan sabulu ma yana kashe ƙwayoyin cuta a faranti, amma ba wanda zai sha shi don taifod. Abin da mutum ya haɗiye sai ya bi ta ruwan ciki, hanji ya tsotse wani ya bar wani, hanta ta farfasa saura, abin da zai isa jini kan zama ɗan mitsitsi. Sannan ƙwayar maleriyar da ake sa wa ɓera, wadda ake kira Plasmodium berghei, ba ta kama ɗan Adam. Tamu daban ce.

Shi ya sa ake hawa mataki-mataki. Da farko mutane kaɗan, 'yan gommai, don a ga yadda jiki ke karɓar maganin. Sai marasa lafiya ɗari ko 'yan ɗaruruwa, don a ga ko yana aiki da kuma adadin da ya dace. Sai dubbai. A gwaji na ƙwarai ana raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a: wasu su sami maganin, wasu su sami ƙwaya mai kama da shi wadda babu komai a ciki, ko kuma tsohon maganin da aka saba. Majiyyaci bai san wanda ya samu ba, likitan da ke duba shi ma bai sani ba. Dalili kuwa, mura da zazzaɓi da ciwon jiki kan tafi da kansu, kuma duk abin da ka sha ranar da za su tafi shi zai karɓi yabon.

Akwai maganin asibiti da ya faro daga tsiro kuwa?

Da yawa. Kwinin daga ɓawon wani itace na Kudancin Amurka ya fito, wasu Faransawa biyu, Pelletier da Caventou, suka ware sinadarinsa a 1820. Maganin maleriyar da ake ba mu yau, irin su Coartem, tushensa wani ganye ne na ƙasar Sin. A 1967 gwamnatin Sin ta kafa wani shiri na sirri don neman maganin maleriya, wata mai bincike Tu Youyou da abokan aikinta suka tattara haɗe-haɗen gargajiya fiye da 2,000. Ganyen ya ƙi ba da sakamako mai ɗorewa, har sai da ta koma wani tsohon rubutu na ƙarni na huɗu, ta ga an ce a jiƙa shi a ruwa a matse a sha, ba a ce a dafa ba. Ta gane tafasawar ce ke ɓata shi. Da ta sauya hanya a 1971 ya yi aiki, ta sha da kanta kafin a ba marasa lafiya, a 2015 kuma ta sami kyautar Nobel.

Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince a riƙa shan shayin ganyen a matsayin maganin maleriya ba. Yawan sinadarin ya bambanta daga gona zuwa gona, kuma in ya yi kaɗan ba ya kashe ƙwayar duka, sai dai ya koya mata jure magani.

A Najeriya fa, an taɓa kai wani ga gaci?

An taɓa, kuma labarin ya cancanci a tsaya a kansa. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen amosanin jini, wato sikila: kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da ƙwayar halittar, kuma an ƙiyasta ana haifar jarirai kimanin 150,000 da cutar duk shekara. A farkon shekarun 1990, Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa, NIPRD, da ke Idu a Abuja, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta ƙulla yarjejeniya da wani malamin coci mai maganin gargajiya daga jihar Oyo, Rabaran Paul Ogunyale. Ya ba su haɗinsa. Abu huɗu ne, uku daga ciki duk Bahaushiya ta san su: masoro, kanumfari da ganyen jar dawa, sai wani itace ɗan uwan madobiya da Yarabawa ke kira osun.

Cibiyar ta bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Aka gwada a jinin masu sikila a ɗakin gwaji, aka gwada guba a dabbobi, aka mayar da haɗin kafso mai awo guda, aka sa masa suna Niprisan. A 1998 aka yi masa rajistar mallaka a Amurka. A 2001 aka wallafa sakamakon gwajin da aka yi da marasa lafiya 82, inda kowa ya sha maganin na wani lokaci ya kuma sha ƙwayar da ba komai a ciki na wani lokaci, ba tare da ya san wanne ne wanne ba. An ga raguwar tashin ciwo mai tsanani a lokacin shan maganin. Ba warkewa ba ce, kuma mutum 82 sun yi kaɗan a yanke hukuncin ƙarshe. Masana da suka sake nazarin gwajin daga baya sun ce akwai alamar alheri, amma ana buƙatar gwaji mafi girma. Wannan ita ce maganar gaskiya a kan mafi shaharar maganin gargajiyar da ƙasar nan ta taɓa bincikawa. Ka gwada ta da abin da ake faɗa a lasifika.

To me ya sa aka daɗe ba a ganinsa a kanti?

Ba kimiyya ce ta gaza ba, harkar kuɗi ce. A 2002 aka ba wani kamfanin Amurka, Xechem, lasisin sarrafa shi. A 2006 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shi da sunan Nicosan. A 2008 uwar kamfanin ta karye, a 2009 aka janye lasisin, iyayen da 'ya'yansu suka saba da shi suka shiga nema babu. Sai a 2018 aka ba kamfanin May & Baker sabon lasisi, ya dawo da sunan Niclovix.

A ganina wannan ne ɓangaren da jami'o'inmu suka fi sakaci da shi. Ƙarin girman malami a kan yawan takardun da ya wallafa yake, kuma gwajin faranti da ɓera na ba da takarda cikin 'yan watanni da kuɗi kaɗan. Gwaji a jikin mutane kuwa shekaru yake ci da miliyoyi. Saboda haka sai ka ga an maimaita gwaji iri ɗaya a kan ganyen darbejiya a jami'a bayan jami'a, ba wanda ya ɗaga ƙafa zuwa mataki na gaba.

Ina ruwan nas, da injiniya, da malamin harshe da wannan aiki?

Injiniya tukuna. Ganyen da aka tsinka da damina da wanda aka tsinka da rani ba ƙarfinsu ɗaya ba. Wanda aka shanya a gefen titi yana kwasar ƙura, wanda bai bushe sosai ba ya yi fumfuna, kuma wata fumfunar guba ce ga hanta. In ana so kafson yau ya zama daidai da na baɗi, sai da na'urar busarwa, da ta niƙa, da ta awo, da wutar da ba za ta ɗauke a tsakiyar aiki ba.

Nas kuwa ita ce idon gwajin. Ita ke auna zafin jiki, ta rubuta wanda ya yi amai, ta lura da wanda ya daina zuwa. Ita ce kuma wadda tsohuwa za ta gaya wa a hankali cewa tana haɗawa da jiƙon sabara a gida, abin da ba za ta taɓa faɗa wa likita ba. In wannan bai shiga takarda ba, lissafin ya gurɓace.

Batun harshe ya fi su nauyi, kuma Kano ta ɗanɗana. A annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a Asibitin Zana, da yara kimanin 200. Rabi aka ba su Trovan, rabi wani maganin da aka saba. Yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren. Kamfanin ya ce nas-nas sun yi wa iyaye bayani da Hausa sun amince da baki. Iyayen suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ne. Aka yi shekaru ana shari'a, a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Ƙa'idojin ƙasa na binciken lafiya da aka fitar a 2007 sun wajabta cewa kwamitin ɗa'a ya duba kowane gwaji kafin a fara, kuma mai shiga ya fahimci abin da ya amince da shi, ya san yana iya ficewa duk sadda ya ga dama. Rubuta wannan bayanin da Hausar da manomi zai gane aiki ne na masu ilimin harshe, ba na kowane mai jin Hausa ba.

Haka nan sunayen itatuwa. Itace ɗaya wani ya ce darbejiya, wani dogonyaro, wani bedi, wani maina, wani lokacin kuma suna ɗaya ya hau itatuwa biyu. Har yau masu bincike na komawa ga jerin sunayen tsirrai na Hausa da likitan nan ɗan Sikotilan, Dalziel, ya wallafa a 1916.

Mai maganin da ya ba da sirrin gidansu, me zai samu?

Tsoron da ke sa da yawa su ɓoye haɗinsu ke nan, kuma suna da hujja. A batun Niprisan an yi abin da ya dace tun farko: an rubuta yarjejeniya, sunan Ogunyale ya shiga takardar mallaka tare da na masu binciken. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla, ta kuma fara aiki a 2014, ta tanadi cewa sai an nemi izinin masu ilimin gargajiya, an kuma raba amfanin da su. Wanda ɗalibi ko kamfani ya zo wa da tambaya, ya nemi a rubuta, da shaidu, kafin ya buɗe baki.

Kwalbar da ke ɗauke da lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, fa, ba shaida ba ce cewa maganin yana warkarwa?

Duba lambar da kyau. Yawancin magungunan gargajiya lambarsu na ƙarewa da harafin L. Ma'anarsa an duba tsaftar wurin da ake haɗa shi, an gwada an ga ba guba ba ne a awon da aka rubuta, an ba shi izini na wucin gadi na shekara biyu. Ba a gwada ko yana maganin cutar da aka lissafa ba, shi ya sa ake tilasta rubutawa a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Rubutun ƙanana ne, da Turanci, sau da yawa a can ƙasa. Cikakkiyar rajista sai wanda ya kawo sakamakon gwaji a jikin mutane.

Kuma gwajin gubar na maganin ne shi kaɗai. Bai shafi mai juna biyu ba, bai shafi mai ciwon ƙoda ba, bai shafi wanda ke haɗa shi da maganin hawan jini ko na sukari ba, inda ganyen da ke sauke sukari da gaske zai iya haɗuwa da ƙwayar asibiti su sauke shi fiye da kima. Wanda ke shan biyun ya tafi da kwalbar asibiti ya nuna wa likita ko mai haɗa magani.