Mene ne rangwamen haraji kan kuɗin maganin wani?

A ƙasar Ayilan, idan mutum ya biya kuɗin likita ko na magani daga aljihunsa, hukumar haraji, wato Revenue, tana mayar masa da wani kaso daga harajin da ya biya a shekarar. Wannan shi ne rangwamen haraji kan kuɗin magani. Abin da ya ja hankalina a tsarin shi ne, ba sai kai ne mara lafiyar ba, kuma ba sai ɗan'uwanka ba ne. Ko mahaifiyarka ce, ko maƙwabci, ko abokin aiki da jinya ta kayar, wanda ya fitar da kuɗin shi ke da haƙƙin nema.

Kason kashi 20 ne cikin ɗari na kuɗin da aka kashe. Ka biya wa ƙaninka Yuro 1,000 na aikin tiyata, Yuro 200 za su dawo maka. Kuɗin gidan jinyar tsofaffi, wanda ke da ma'aikatan jinya dare da rana, ya fi tsoka: yana kaiwa kashi 40 ga mai biyan haraji a babban mataki. Duk wanda ya taɓa ɗaukar nauyin tsoho na tsawon watanni ya san wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sai dai ba kyauta ce gwamnati ke rabawa ba. Wanda bai biya haraji a shekarar ba, babu abin da za a mayar masa. Haka nan kuɗin da kamfanin inshora ya riga ya biya ba ya shiga lissafi. Gwajin ido da cikon haƙori na yau da kullum ma ba sa ciki, amma babban aikin haƙori yana shiga idan likitan ya cike takardar Med 2.

Ga 'yan'uwanmu mazauna Dublin ko Cork masu aiko da kuɗin asibiti gida, jinyar da aka yi a wata ƙasa ma tana iya shiga, muddin likitan yana da lasisin aiki a ƙasar. A nan rasit ne komai. Kuɗin da aka tura wa Yaya "a kai Baba asibiti" ba tare da takarda ba, da wuya ya zama hujja, kuma abin yana ba ni takaici.

Ana nema ta myAccount, shafin intanet na hukumar, cikin shekara huɗu: na 2022 yana rufewa a ƙarshen 2026. A adana rasit shekara shida, domin hukumar na iya cewa a kawo.