Sashe na 59(f): Dokar da ta hana Aung San Suu Kyi zama shugabar Myanmar

A zaɓen ranar 8 ga Nuwamban 2015, jam'iyyar NLD ta Aung San Suu Kyi ta yi wa jam'iyyar USDP mai samun goyon bayan sojoji kayen raba ni da yaro a Myanmar, ƙasar da a da ake kira Bama. Kowa ya san saboda Aung San Suu Kyi jama'a suka yi dogon layi. Amma da aka zo rantsar da shugaban ƙasa a watan Maris na 2016, wani amininta ne mai suna Htin Kyaw ya hau kujerar. Abin da ya jawo haka shi ne sashe na 59(f) na kundin tsarin mulkin da gwamnatin soja ta rubuta a 2008.

Sashe na 59 ya jero sharuɗɗan zama shugaban ƙasa ko mataimakinsa. Sakin layi na (f) ya ce dole mai neman kujerar kada ya zama ɗan wata ƙasa, ko mai yi wa wata gwamnatin waje mubaya'a, ko mai cin moriyar haƙƙin ɗan ƙasa a wani wuri. Da a nan aka tsaya, ba wanda zai ɗaga gira, domin ƙasashe da yawa suna da irin wannan sharaɗi. Sai dai sashen ya faɗaɗa ya haɗa da iyayen ɗan takara, da mijinta ko matarsa, da 'ya'yansa, har da surukai, wato waɗanda 'ya'yan suka aura. Ko mutum ɗaya ne daga cikinsu ke riƙe da fasfon wata ƙasa, magana ta ƙare.

Suu Kyi ta auri Michael Aris, malamin jami'a ɗan Birtaniya, a 1972. Ya rasu a 1999 ba tare da sojoji sun ba shi bizar zuwa su yi sallama ba. 'Ya'yansu biyu, Alexander da Kim, 'yan Birtaniya ne. Ba a ambaci sunanta a kundin ba, amma riga ce da aka auna a jikinta aka ɗinka. Dokar ba ta hana ta zama 'yar majalisa ko minista ba. Ta ci kujerar mazaɓar Kawhmu a zaɓen cike gurbi na 2012, daga baya kuma ta riƙe ma'aikatar harkokin waje. Kujerar shugaban ƙasa da ta mataimakinsa kaɗai sashen ya katange.

Mai karatu zai ce, to tun da jam'iyyarta ce ke da rinjaye, me ya hana ta gyara dokar? A nan ne ainihin dabarar take, kuma a ganina ta fi sashe na 59(f) ɗin kansa muhimmanci. Kundin ya ware wa sojoji kashi 25 cikin 100 na kujerun majalisa ba tare da zaɓe ba: 110 cikin 440 a majalisar wakilai, 56 cikin 224 a majalisar dattawa. Babban kwamandan askarawa ne ke naɗa su, cikin kaki suke zama, kuma baki ɗaya suke kaɗa ƙuri'a. Sashe na 436 kuma ya ce ba za a yi wa kundin gyara ba sai da amincewar fiye da kashi 75 cikin 100 na 'yan majalisa. Ke nan ko duk zaɓaɓɓun wakilai na kowace jam'iyya sun haɗa kai, sai an samu aƙalla soja guda ya saɓa wa maigidansa. Ko hakan ta faru, sashe na 59 yana cikin waɗanda sai an kai su ƙuri'ar raba gardama, fiye da rabin duk masu ikon zaɓe sun amince. An gwada rage ƙarfin wannan shinge a 2015 da kuma 2020, duka bai wuce ba.

Shi kansa kundin, an kaɗa ƙuri'ar amincewa da shi ne a watan Mayun 2008, kwanaki kaɗan bayan guguwar Nargis da ta yi sanadin mutuwa ko ɓacewar fiye da mutum dubu 130. Gwamnati ta ce sama da kashi 92 cikin 100 sun amince. A lokacin Suu Kyi na tsare a gidanta da ke Yangon, inda ta yi kimanin shekara 15 tsakanin 1989 da 2010. Ba ita kaɗai ba ce. A shekarar 2008 ce aka yanke wa 'yar fafutuka Nilar Thein ɗaurin shekara 65 saboda zanga-zangar 2007, Zin Mar Aung kuma, wadda daga baya ta zama 'yar majalisa, tana cikin ɗaurin da ya ci mata shekara 11. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne sashe na 352: bayan ya haramta nuna bambancin jinsi wajen ɗaukar ma'aikatan gwamnati, sai ya ƙara da cewa hakan bai hana a naɗa maza a muƙaman da suka dace da maza kaɗai ba. Waɗanne muƙamai ne, bai faɗa ba.

NLD ta kewaya ta bayan gida. A watan Afrilun 2016 majalisa ta ƙirƙiro wa Suu Kyi muƙamin Mashawarciyar Ƙasa da doka ta yau da kullum, wadda rinjaye kawai take buƙata. Wakilan sojoji sun miƙe tsaye sun ƙi kaɗa ƙuri'a, suna cewa an taka kundin. Ta zama mai faɗa a ji, amma ma'aikatun tsaro, cikin gida da kan iyaka suna hannun soja kamar yadda kundin ya tanada. Wannan bai wanke ta ba game da abin da sojoji suka yi wa tsirarun Musulmin Rohingya, domin da ƙafarta ta je kotun duniya da ke Hague a Disamban 2019 ta kare ƙasarta daga ƙarar kisan ƙare dangi da Gambiya ta shigar.

Ranar 1 ga Fabrairun 2021, watanni uku bayan NLD ta sake cin zaɓe, sojoji suka yi juyin mulki. Hukuncin da kotunansu suka yi ta yanke mata ya kai ɗaurin shekara 33, aka rage zuwa 27 a 2023, shekarar da aka rushe NLD saboda ta ƙi sake yin rajista. Shugaba Win Myint, wanda ya gaji Htin Kyaw kuma ya cika kowane sharaɗi na sashe na 59, tare da ita aka kama shi da asubahin ranar.