Idan kwastam suka kama maka kaya, wa ke da ikon yanke hukunci?

Mafi yawan waɗanda aka tsayar musu da mota a hanyar Jibiya ko ta Kongolam, kuskurensu na farko shi ne tsayawa a shinge suna ta "ranka ya daɗe, a taimaka". Jami'in da ke wurin aikinsa ya tsare kaya ya rubuta rahoto. Da zarar an shigar da kayan cikin littafi an kai su sito, magana ta fi ƙarfinsa, ko da ƙanen mahaifinka ne.

To ina ta koma? Ya danganta da wanda ya yi kamun, kuma nan ne 'yan kasuwarmu ke ɓarnar kuɗin mota. Idan jami'an reshen Katsina ne, koke yana zuwa ofishin Kwanturolan jiha. Amma akwai rundunar sintiri ta tarayya ta shiyya ta B mai hedikwata a Kaduna, wadda ba a ƙarƙashinsa take ba. Sai mutum ya yi mako yana zarya a Katsina da takardu cikin leda, alhali fayil ɗinsa yana Kaduna. Don haka ka fara duba hatimin da ke kan takardar kamun.

Dokar kwastam ta 2023, wadda Buhari ya sa wa hannu ta maye gurbin ta 1958, ta ba ka damar ƙalubalantar hukuncin hukumar, kamar idan kana ganin an cika maka kuɗin fito. A rubuce ake yi, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Ikon na kujera ne, ba na mai zama a kanta ba: in an canja wa Kwanturola wurin aiki, alkawarin baki ya bi shi, takarda ce kaɗai magajinsa zai gada.

In ba a daidaita ba, sai kotu. Sashe na 251 na Tsarin Mulkin 1999 ya keɓe shari'ar kwastam ga Babbar Kotun Tarayya, wadda ke da zama a nan Katsina. Majistare ko alƙalin kotun shari'ar Musulunci ba su da hurumi. Kada ka yi jinkirin nuna cewa kayan naka ne, don shiru na iya sa a mallaka wa gwamnati su a yi gwanjo.

Shinkafar waje kuwa, tun 2016 aka hana shigo da ita ta kan iyakokin tudu, babu wani kuɗin fito da za ka ce za ka biya a sake maka.