Haddin barasa a jini: me ake nufi, kuma wa ke da ikon sa shi?

In ka ji a labarai an ce an kama direba ya wuce haddi, ba lallai ne an same shi yana tangaɗi ko yana sambatu ba. Lamba ce aka auna. Haddin barasa a jini shi ne iyakar yawan barasar da doka ta yarda a samu a jikin mutum yana riƙe da sitiyari. Idan aka ce 0.08, ana nufin miligiram 80 na barasa a cikin kowane mililita 100 na jini. Ba kasafai ake zuƙar jinin a bakin titi ba. Ɗan sanda kan miƙa wa direba wata 'yar na'ura ya hura, ita kuma ta ƙiyasta abin da ke jini daga numfashi. Wani ma'aikacin 'yan sandan jihar Indiyana ta Amurka, Robert Borkenstein, shi ya ƙera irin wannan na'ura a 1954.

Amfanin lambar shi ne ta raba gardama. A da sai mai gabatar da ƙara ya gamsar da alƙali cewa mutumin ya bugu, a kawo shaidar jan ido, warin baki da harɗewar harshe, lauyan direba kuma ya ce ai gajiya ce. Da Norway ta sa haddin 0.05 a 1936, wuce lambar kaɗai ya zama laifi, ko da direban bai taka ko kaza ba. Sai dai kada a ɗauka daga nan maye ke farawa. Saurin taka birki da kaifin lura suna raguwa tun kafin a kai 0.05. 'Yan majalisa ne suka ja layin, shi ya sa Suwidin ta kai nata 0.02 a 1990.

Inda zancen ke cakuɗewa shi ne ƙasar da ke da gwamnati hawa biyu, ta tsakiya da ta jiha ko lardi. Tambayoyi biyu ne a nan, mutane kuma suna yawan haɗa su: wa ke sa lambar, wa kuma ke yanke hukuncin wanda ya wuce ta?

A Amurka dokar hanya ta jihohi ce, majalisar tarayya ba ta da hurumin umartar su kai tsaye. Sai ta bi ta aljihu. A 1984, zamanin Ronald Reagan, aka yi dokar rage wa kowace jiha kuɗin gina manyan hanyoyi muddin ta bar wanda bai kai shekara 21 ba ya sayi giya. Jihar Dakota ta Kudu ta garzaya kotu, a 1987 Kotun Ƙoli ta ce tarayya na da 'yancin gindaya sharaɗi a kan kuɗinta. Da hanya ta buɗe, a shekarar 2000 Bill Clinton ya sa hannu a kan dokar 0.08: jihar da ta ƙi, za a fara zaftare mata kashi 2 cikin 100 daga 2004, a riƙa ƙarawa har kashi 8. Kafin ƙarshen 2005 dokar ta fara aiki a ko'ina, Minnesota ce ta zo ƙarshe. Ba a tilasta wa kowa ba, in ji doka, amma kowa ya san mai abu da abinsa.

Abin lura, lambar kawai aka daidaita. Tara, ɗauri, tsawon lokacin ƙwace lasisi, da sa wa mota na'urar da sai an hura ta tashi, duk suna hannun jiha. Kuma dokar tarayya ba ta hana jiha tsanantawa ba: Utah ta sauko 0.05 a ƙarshen Disamban 2018.

Birtaniya ta juya lamarin. A 1967 ta sa haddinta a miligiram 80. A 2012 Landan ta ba majalisar Sikotland ikon sa nata haddin, amma ta riƙe ikon tsara hukunci. Ranar 5 ga Disamban 2014 Sikotland ta rage zuwa 50, Ingila ta tsaya a 80. Ɗauki direban da ya taso daga arewacin Ingila da 60 a jininsa. Mota ɗaya, titi ɗaya, babu shinge babu jami'in kan iyaka, allo ne kawai a gefen hanya. Kafin allon bai karya wannan doka ba. Da ya wuce shi, in aka tsayar da shi ya hura, ya faɗa laifin da mafi ƙarancin hukuncinsa ƙwace lasisi ne na wata 12, hukuncin da aka tsara tun asali don mai 80. Haramcin kuma zai bi shi har gida Ingila.

Ni a ganina tsarin Kanada ya fi nuna hikima. Dokar manyan laifuka ta tarayya ce, kuma ita ta ce daga 80 zuwa sama laifi ne a faɗin ƙasar: karon farko tarar aƙalla dalar Kanada 1,000, karo na biyu ɗaurin kwana 30, na uku kwana 120. Lasisi da hanya kuwa na larduna ne, don haka yawancinsu suka shimfiɗa wani mataki a ƙasa, galibi daga 0.05. Direban da ya hura 0.06 a lardin Ontariyo ba za a kai shi gaban alƙali a kan wuce haddin tarayya ba, amma nan take ɗan sanda zai dakatar da lasisinsa na 'yan kwanaki. Wanda ya wuce 0.08 kuma zai sha hukunci biyu, na lardi a bakin titi, na tarayya a kotu. Kotunan ƙasar ba su ɗauki wannan a matsayin hukunta mutum sau biyu kan laifi ɗaya ba, tunda dakatar da lasisi mataki ne na kare hanya, ba shari'ar laifi ba.

Ko a cikin ƙasa ɗaya ma haddin na bin irin direban. A Amurka mai tuƙa babbar motar kasuwanci 0.04 ne iyakarsa, wanda bai kai shekara 21 ba kuwa 0.02 ko ƙasa da haka, gwargwadon jihar da aka tare shi.