Kamfani da masu kawo masa kaya: tambayoyin manoman riɗi da zoɓo

A 'yan shekarun nan kamfanonin da ke sayen riɗi da zoɓo da shinkafa a ƙauyukan Jigawa da Kano sun fara zuwa da sharuɗɗan da ba a saba da su ba. A rubuta sunan manomi da lambar wayarsa, a zagaya gonarsa da na'ura, kada a shanya kaya a ƙasa, kada a zuba magani kaza. Manoma da yawa suna ɗaukar abin neman fitina, wasu dillalai kuma suna ganin dabara ce ta raba su da abincinsu. Ga tambayoyin da suka fi fitowa a zaman ƙungiyoyin manoma da rumfunan awo.

Da can kaya kawai ake aunawa a biya. Me ya kawo wannan bin diddigin?

Sayen kaya ta hannun wakilai tsohon abu ne a ƙasar Kano. Tun da jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912, kamfanonin Turawa ba su cika shiga ƙauye da kansu ba. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata ne ke tura yaransu su tattaro gyaɗa. Daga baya hukumomin sayen amfanin gona suka karɓi ragama, suna yanka farashi suna tantance darajar kaya, har aka rushe su a 1986. Kasuwa ta zama ta kowa, tantancewa kuma ta yi rauni.

Yau buhun riɗi yakan bi hannu huɗu ko biyar: manomi, ɗan kamasho a kasuwar Gujungu ko Maigatari ko Sara, babban dillali a Dawanau, kamfanin da ke tacewa, sannan kwantena ta kama hanyar Legas zuwa Japan ko Turkiyya ko Sin. Wanda ya sauya hali, shi ne mai sayen da ke can ƙarshen hanyar. A 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idoji kan kasuwanci da haƙƙin ɗan Adam. A 2013 ginin masana'antun ɗinki na Rana Plaza ya rufta a Bangaladash, mutum fiye da 1,100 suka mutu suna ɗinka wa manyan kamfanonin duniya tufafi. Daga nan ƙasashe suka shiga kafa doka, ta Jamus ta fara aiki a 2023. Babban kamfani ba zai ƙara cewa bai san yadda aka samo kayansa ba ya tsira. Shi sai ya matsa wa mai fitar da kaya, mai fitarwa ya matsa wa dillali, har magana ta sauko bakin rumbu.

Da gaske ana dawo da kayanmu, ko barazana ce don a karya farashi?

Da gaske ne. A watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda an yi ta samun sinadarin diklobos a cikinsa, irin wanda ke cikin fiya-fiya da Sniper. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo, abin da ake samu kuwa ya zarce haka nesa ba kusa ba. Meziko, babbar kasuwar zoɓonmu, ta taɓa rufe ƙofa na tsawon shekaru saboda ƙwaron sito da aka gani a cikin kaya, sai da aka daidaita kan turara kayan da magani a ƙarƙashin kulawar NAQS, hukumar Najeriya mai tantance lafiyar amfanin gonar da ke shiga da fita, kafin ciniki ya dawo. Riɗi kuwa ƙwayar cutar salmonela ce ke yawan ja masa, wadda kan shiga ta kashin kaji da awaki da ɓeraye idan an shanya a ƙasa. Gyaɗa da masara nasu ciwon shi ne gubar afulatoksin, wadda funfuna ke haifarwa musamman idan an adana kaya da danshi.

Kwantena ɗaya tana ɗauke da kayan ɗaruruwan manoma a gauraye. Buhu kaɗan masu magani sun isa su ɓata ta duka, kuma idan babu rubutu ba mai sanin inda ɓarnar ta fito, sai yanki guda ya sha hukunci a farashi. Amfanin rubuta suna ke nan. Kada kuma a manta, waken da Turai ta ƙi karɓa mu ne muke ci da 'ya'yanmu.

To ai manoma da dillalai ne ke algus. Ina laifin kamfani?

Algus laifi ne, ba mai wanke shi. Mai zuba yashi a riɗi, da mai yayyafa wa zoɓo ruwa don ya yi nauyi, da mai sa tsohon kaya a gindin buhu ya rufe da sabo, duk sun san hadisin da ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Amma ruwa ba ya tsami banza. A duba yadda ake sayen. Mace ta wuni tana sheƙe riɗinta, ta shanya a tamfol, ta aika da shi kasuwa tas. Maƙwabcinta ya kawo nasa da ƙasa da kara. Ɗan kamasho ya ɗora duka a sikeli ya biya su kuɗi ɗaya, ya kuma zaftare wani abu a kowane buhu da sunan datti, mai dattin da marar dattin. Baɗi wannan matar ba za ta wahalar da kanta ba, kuma ba zan ga laifinta ba.

A ganina nan ne ake gane kamfani, fiye da takardar sharuɗɗan da yake rabawa. Wanda yake son kaya mai tsabta ya biya kuɗin tsabtar. Daraja ta ɗaya da farashinta, ta biyu da nata, a faɗi bambancin tun kafin shuka, a gwada danshi da datti a gaban mai kaya. Sai biya a kan lokaci. Babban kamfani yakan karɓi kaya ya ce a dawo bayan wata ɗaya ko biyu, alhali wannan jinkirin jari ne yake juyawa da kuɗin ƙaramin dillali. Dillalin da kuɗinsa ya maƙale zai riƙe na manomi ko ya matse shi a farashi, manomi kuma ya ja wa 'yan ƙwadagon da suka yi masa yanka rai. An umarce mu da biyan ma'aikaci kafin guminsa ya bushe. Kamfanin da ya riƙe kuɗin mutane, sannan ya turo masu bincike su duba ko ana zaluntar lebura, daga ofishinsa zaluncin ya taso.

Haka batun odar gaggawa. A ce ana son tireloli cikin mako guda a farashin da bai kai na kasuwa ba. Wanda ya karɓi wannan oda ya san ba zai cika ta da kaya mai kyau ba, wanda ya ba da ita ma ya sani.

Akwai kuma koyarwa da kayan aiki. Hana mutum zuba fiya-fiya a wake ba tare da an nuna masa mafita ba, aikin banza ne, domin ƙwaro ba zai jira shi ba. Mafita tana nan: buhun nan mai ninki uku da masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro yana kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska, babu magani ko ɗigo. Ga Aflasafe na cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan, wanda ake watsawa a gonar gyaɗa da masara makonni biyu zuwa uku kafin fure don rage gubar funfuna. Ga tamfol. Kamfanin da zai ci ribar kaya mai tsabta ya kamata ya ɗauki wani kaso na kuɗin waɗannan.

Kamfani ya ba mu iri da taki, mu biya da amfanin gona. Mene ne bambancinsa da 'yan ba-da-kaka?

Wani lokaci babu bambanci sai hular kwano da mota mai tambari. Ɗan ba-da-kaka yana zuwa ne a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ya ba da kuɗin buhu ɗaya ya karɓi abin da ya fi haka nesa da kaka. Idan kamfani ya ƙiyasta takinsa sama da kuɗin kasuwa, ya kawo shi bayan lokacin sawa ya wuce, sannan ya karɓi shinkafa ƙasa da farashin ranar, sana'a ɗaya suke yi.

Shari'a ta san cinikin da ake biya kafin kaya su zo, wato salam, kuma sharaɗin da hadisi ya gindaya shi ne sanannen mudu, sanannen nauyi, sanannen lokaci. Hukuncin kowace yarjejeniya na malamai ne, amma ma'aunin a fili yake: kada a bar komai a duhu. Nawa ne kuɗin kowane buhun taki? Yaushe zai iso? Da wane farashi za a karɓi kaya, tsayayye ne ko na kasuwar ranar? Idan ambaliya ta cinye gona, kamar yadda ta yi wa yankin Haɗeja da Ringim a 2022, wa zai ɗauki asarar, akwai inshora ko za a ɗage bashin?

Farashi ne ke kashe yawancin irin wannan yarjejeniya. Masana'antar tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa ta fara aiki a 2016, shekarar da tsutsar tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir, kuma ta sha tsayawa bayan nan saboda ƙarancin tumatirin da za ta niƙa, duk da tana tsakiyar filayen noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam. Idan kwando ya yi tsada manomi yakan kai kasuwa, idan ya faɗi kowa ya nufo masana'anta. Shirin bashin manoma na Babban Banki da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015 shi ma ya yi fama da rashin biya. Tsarin da ya fi daɗewa shi ne a sa farashin ƙasa da ba za a sauka daga gare shi ba, idan kasuwa ta haura a bi ta. Manomi kuma ya cika alkawari. Wanda ya ci takin wani ya kai shinkafar wani wuri, ya rufe ƙofa ga ƙauyensu duka.

Ba gara a kawar da dillali a saya kai tsaye ba?

Ba zai yiwu ba a mafi yawan wurare. Dillali ne ya san hanyar ƙauye da damina, shi ke tara tiya-tiya har ta zama buhu, shi ke ba da rance ranar suna ko rashin lafiya. Abin da ake bukata shi ne a san la'adarsa a fili, a biya shi ita daban, don kada ya nemi ribarsa a cikin sikeli. A riƙa gwada sikelin da sanannen nauyi a gaban jama'a, kowane mai kaya ya karɓi rasit mai nuna kilo da daraja da kuɗi.

Sun ce kada yara su yi aiki. Ɗana ba zai taya ni noma ba ke nan?

Yaro ya bi mahaifinsa gona ranar da babu makaranta, ya koyi shuka da tsinkar zoɓo, wannan tarbiyya ce. Abin da yarjejeniya ta 182 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta haramta, wadda aka yi a 1999 Najeriya ta amince da ita a 2002, shi ne aikin da ke cutar da lafiyar yaro ko rayuwarsa. Goya wa ɗan shekara goma sha biyu injin feshi, ko sa shi dakon buhun da ya fi ƙarfinsa, ko ɗebo almajirai a kai su gona wuni guda a biya su abin da bai taka kara ya karya ba, duk suna cikin abin da ya kamata mu ƙi da kanmu ko babu Bature a zancen.

Wurin da aka fi mantawa da shi shi ne sito. Matan da ke gyaran zoɓo da riɗi suna wuni cikin ƙura, wani lokaci da goyo, a ɗakin da aka turara da magani. Takunkumin hanci, ruwan sha, makewayi, wurin ajiye yara nesa da ƙurar, da biyan kuɗi a hannun wadda ta yi aikin: kamfani ba zai ce wannan na ɗan kwangila ne, babu ruwansa ba, tunda kayansa ake gyarawa.

Ina ruwan mai saye da bishiyoyin gonata?

Yana son ya dawo baɗi da baɗin baɗaɗa ya samu kaya. Gonar da aka sare gawo da ƙirya aka bar ta ga iska, a arewacin Jigawa, ba ta daɗewa tana bayarwa. Maganin feshin da ake wanke injinsa a magudanar noman rani yana gangarawa fadamun Haɗeja inda masunta da makiyaya ke rayuwa. Dokar Tarayyar Turai ta 2023 kan sare daji ta shafi shanu da waken suya da koko da wasu kaya. Riɗi da zoɓo ba sa ciki, amma masu saye sun riga sun saba da neman taswirar gona.

Idan aka kama mai kawo kaya da laifi, korarsa za a yi?

Ya danganta da laifin. Wanda ya shanya a ƙasa don ba shi da tamfol, gyara yake bukata da wa'adi. Korarsa ba ta tsabtace komai, kayan nasa za su bi ta hannun wani dillali su dawo sito ɗaya. Wanda aka gargaɗa ya ci gaba da algus ko tauye awo da gangan, a raba gari da shi, a kuma faɗa wa ƙungiya dalili.

Bincike kuma ya tafi ta ɓangare biyu. Kafin ƙungiya ta sa hannu, ta nemi takardar yarjejeniya da Hausa, a karanta a gaban mambobi da mai unguwa, kowa ya ji ranar biya da abin da zai faru idan kamfani ne ya saɓa. Ta nemi lambar da za a kai ƙara wadda ba ta wakilin da ke saye ba ce, domin sau da yawa shi ne ake ƙarar. Idan aka ƙi karɓar kaya, a nuna sakamakon gwajin, a kuma ajiye samfuri a hannun ƙungiya don a iya sake gwadawa a wani wuri.